Likita, Injiniya ko Lauya: Daga Ina Wannan Matsin Ya Samo Asali?

A makon farko na babbar sakandare ake yanke wa ɗan makaranta hukuncin da zai bi shi har girma, alhali shekarunsa ba su wuce 14 ko 15 ba. A makon ne ake raba yaran da suka gama aji uku na ƙaramar sakandare gida uku: ajin kimiyya, ajin kasuwanci da ajin adabi. A takarda, rabo ne bisa abin da kowane yaro ya fi iyawa. A zukatan yara da iyayensu kuwa, har ma da malamai da yawa, jerin daraja ne. Masu ƙwaƙwalwa su tafi kimiyya, masu dama-dama su tafi kasuwanci, saura kuma a tura su adabi.

Duk wanda ya san sakandare ya san yadda ofishin shugaban makaranta yake cika a wannan makon. An liƙa sunaye a jikin allo, yaro ya duba bai ga nasa a kimiyya ba. Washegari da sassafe sai ga mahaifinsa, ya kafe babur a gindin darbejiya, ya yi sallama.

“Malam, alfarma na zo nema. A mayar mini da yaron nan kimiyya.”

“Alhaji, ga sakamakonsa nan. Lissafi da ƙyar ya haye. Amma dubi Turancinsa, dubi Hausa. Yaron nan Allah ya ba shi rubutu.”

“Na gani, Malam. Zan sa masa lesin, zai dage. Likita nake so ya zama in Allah ya yarda. Ɗan ƙanina ma can aka sa shi.”

Sau da yawa shugaban makaranta yakan haƙura ya sauya sunan. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, babu wanda ya tambaye shi abin da yake so.

Uban nan yana da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Darussan da yaro ya ɗauka a wannan mako su zai rubuta a WAEC da NECO, su ne kuma za su tantance darussa huɗun da zai zauna wa a JAMB. Wanda bai yi kemistiri da fizis da bayoloji ba, an rufe masa likitanci da harhaɗa magunguna da aikin jinya tun kafin ya san mene ne su. Ɗan kimiyya kuwa, in abu bai yiwu ba, yana iya gangarowa wasu kwasa-kwasan zamantakewa. Hanyar gangarowa a buɗe take, ta hawa ce a toshe. Shi ya sa iyaye ke cewa a sa shi kimiyya tukuna, in ya kasa ya sauko. Tsarin ne ya koya musu wannan lissafin. Abin da lissafin ba ya ƙirgawa shi ne shekara uku da yaro zai yi yana zaune a ajin da kullum yake jin shi daƙiƙi ne, bayan a ajin da ke maƙwabtaka da shi da shi zai riƙa ɗaukar na ɗaya.

Ban yarda da masu ɗora laifin duka a kan kwaɗayin iyaye ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan matsi yana da tarihi, kuma tarihin bai yi nisa ba.

Lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, buƙatar Turawan mulki ita ce ma'aikatan da za su riƙe musu ofisoshin En'e. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta horar da malamai ce. Ahmadu Bello daga can ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Malam Aminu Kano ma da alli ya fara, haka Shehu Shagari. A wancan zamani, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a lardi shi ake zaɓa ya zama malamin makaranta. A riƙe wannan, don za mu ga inda koyarwa ta koma daga baya.

Tun daga farko ke nan boko a Arewa an ɗaura shi da aikin gwamnati. Da aka zo shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cike ofisoshinta da 'yan Arewa, sai ya zama masu takarda sun yi kaɗan, kujeru sun yi yawa. Aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, suka koma 19 a 1976, kowace tana neman manyan sakatarori da likitoci da injiniyoyi da alƙalai nata. Ga kuɗin fetur, ga ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Wanda ya gama Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin, aiki ne ke jiransa, da bashin mota, wani lokaci har da gida a unguwar ma'aikata. Ɗan manomi daga ƙauye ya shiga makarantar kwana da akwatin ƙarfe, bayan shekara goma sha ya dawo da mota, ya kai mahaifinsa Makka, ya yi wa gidansu rufin kwano. Mutane sun gani da idonsu. Iyayen yau su ne yaran da suka bi waɗannan motoci da gudu a ƙauye.

Fifikon kimiyya ma da niyya mai kyau aka shuka shi. Arewa tana fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi na gida, shi ya sa Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ana tace yara masu hazaƙa ta hanyar jarabawa ana kai su can. Makarantun sun yi aikin da aka kafa su dominsa, likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito. A matakin tarayya kuma aka tsara cewa kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a su tafi ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni. Saƙon da ya isa gidaje shi ne: yaro mai ƙwaƙwalwa kimiyya yake yi. Babu wata makarantar da aka ware da irin wannan gata domin yaro mai hazaƙar harshe ko tarihi ko aikin hannu.

Sai alƙawarin ya karye. Farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube, ɗaukar aiki ya ja baya, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda da su ne madadin aikin gwamnati, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jami'o'i kuwa sai ƙaruwa suke. A 1962 guda biyar ne a duk ƙasar, yau sun haura 250. Ranar 15 ga Maris, 2014, dubban ɗaruruwan matasa da kowannensu ya biya naira 1,000 suka cika filayen wasa a faɗin ƙasar domin jarabawar shiga hukumar shige da fice, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Mutane fiye da goma suka rasu a turmutsitsi.

Mai hankali zai zaci cewa da kwali ya daina kawo aiki, matsin zai ragu. Ƙaruwa ya yi, kuma nan ne gundarin maganar. Da digiri ya yi yawa, sai iyaye suka koma neman digirin da har yanzu yake da ƙofa mai ɗan gadi. Likita ba ya aiki sai da lasisin hukumar likitoci, lauya sai ya bi ta Makarantar Koyon Aikin Lauya, irin reshenta na Bagauda, haka mai harhaɗa magunguna da ma'aikaciyar jinya. Lasisi yana taƙaita yawan masu shiga, don haka mai shi yana da daraja a kasuwa, yana iya buɗe wurinsa, kuma takardarsa tana ƙetare iyaka zuwa Saudiyya ko Ingila. Mai digirin nazarin zamantakewa kuwa yana gogayya ne da dubbai irinsa a kan kujera ɗaya, kuma kowa ya san kujerar ta mai uwa a gindin murhu ce. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu a bainar jama'a kan yadda ake sayar da guraben aikin gwamnati. Uban da ba shi da hanya, ba shi da kuɗin sayen ofa, yana ganin lasisi shi ne kaɗai abin da zai tsaya wa ɗansa.

A ƙara da cewa a ƙasar da fansho ba ya zuwa a kan lokaci, inshorar lafiya ba ta kai ga yawancin mutane ba, ɗa shi ne ajiyar tsufa. Idan aka sayar da gona ko shanu aka biya kuɗin makaranta, ba yaro ɗaya ake saya wa makoma ba. Ana sa ran shi zai ɗauki ƙannensa, ya aurar da ƙannensa mata, ya biya kuɗin asibitin kawu. Ɗan fari musamman yana shiga ɗakin jarabawa da gida guda a wuyansa.

Daga nan sai JAMB, wadda aka kafa a 1978. A 2025 kimanin ɗalibai miliyan 1.9 suka zauna jarabawar, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Guraben likitanci kuwa ƙayyadaddu ne, domin hukumar likitoci ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Tsarin yana aiki ne kamar rariya mai hawa-hawa: abin da bai tsaya a ta sama ba ya zubo ta biyu, haka har ƙasa. Wanda ya nemi likitanci bai samu ba, a ba shi nazarin sassan jiki ko na ƙananan ƙwayoyin halitta. Wanda bai samu wannan ba, a ba shi nazarin tsirrai ko na dabbobi. Wanda ya nemi lauya ya tsinci kansa a tarihi ko Hausa ko Larabci. Shi ya sa idan ɗalibai suka haɗu a shagon intanet suna duba sakamako, tambayar da suke yi wa juna ita ce, “Me suka ba ka?” Amsar kuma sau da yawa, “Sun canza mini kwas, amma Baba ya ce in karɓa kawai, in sake JAMB baɗi.”

Ka yi tunanin aji mai ɗalibai ɗari biyu a sashen nazarin tsirrai, mafi yawansu ba su nemi wurin ba, wasu ma kunyar faɗin sunan kwas ɗin suke ji a gida. Ƙasar nan tana fama da kwararowar hamada, da tsutsar da ke cinye tumatir a Kadawa, da buƙatar irin gero da dawa mai jure fari. Tana matuƙar buƙatar masana tsirrai. Amma ta cika sashen da matasan da aka riga aka gaya wa cewa zuwansu nan alamar faɗuwa ce. Malamin da ke gabansu yana koyar da mutanen da zuciyarsu ke wani gini. Kaɗan daga cikinsu sukan kamu da son fannin daga baya, kuma su ne suke zama ƙwararru. Sauran suna haddace takardun malami ne su ci jarabawa su karɓi kwali.

A can ƙasan rariyar kuma akwai aikin da Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka fara da shi. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin ilimi kuwa 100. Ma'ana, da hukuma da iyaye da ɗalibai duk sun amince cewa wanda ya rasa ko'ina shi zai tafi NCE. Akwai haziƙan malamai da suka zaɓi koyarwa da zuciya ɗaya, kuma su ke riƙe da makarantunmu, amma tsarin bai nemo su ba, sa'a aka yi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar gwaji, ta ce fiye da 21,000 ba su ci ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da gwajin, kuma tana da abin faɗa. Sai dai ko an rage adadin, tambayar tana nan: wa ya tura su ajin? Mun kwashe shekaru muna janye duk yaro mai ƙoƙari daga koyarwa, sannan muna mamakin yadda ɗan aji shida ba ya iya karanta wasiƙa. Yaron da bai samu malamin lissafi nagari a firamare ba shi ne wanda mahaifinsa zai zo roƙon a sa shi kimiyya, kuma shi ne JAMB za ta zubo da shi ƙasa ya zama malamin na gaba.

An taɓa ƙoƙarin gyara wannan. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, wanda manufar ilimi ta 1977 ta tanada aka kuma fara aiwatarwa a 1982, an gina shi ne domin yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, in hannunsa ya fi kansa kaifi ya wuce kwalejin fasaha da mutuncinsa. An shigo da injuna daga waje, da yawa suka lalace a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya su. Darasin fasaha ya koma zane a allo. Gwamnati kuma, wadda ita ce babbar mai ɗaukar aiki a Arewa, ta ci gaba da nuna wa kowa abin da take darajawa. An daɗe mai babbar difloma ta HND yana tsayawa a mataki na 14 a aikin gwamnati, abokin karatunsa mai digiri ya wuce shi ya zama darakta. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ya zama doka ba. Iyaye ba sa sauraron jawabin ranar yaye ɗalibai, takardar albashi suke karantawa.

Kuɗin da ake biya a kan wannan matsi ya wuce na makaranta. Idan aka ce wa yaro dole ya kawo kiredit a fizis alhali makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji, to an tura shi neman wata hanya. Daga nan cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibi amsa a allo suka samu kasuwa, kuma sau da yawa uba ne yake biya da hannunsa, uban da a gida yake yi wa yaron faɗa a kan ƙarya. Masu hali kuma suna fitar da 'ya'yansu Sudan da Masar da Indiya da Uganda neman gurbin likitancin da bai samu a gida ba. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a Afrilun 2023, an ga yawan 'ya'yan Arewa da ke can, aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan, wasu suna shekarar ƙarshe. A ƙarshen 2023 kuma wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Inda kwali ya fi ilimi daraja, dole a samu masu sayar da kwalin.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a jarida. A makarantun likitanci akwai jarabawar da in ɗalibi ya faɗi, ya maimaita ya sake faɗi, za a sallame shi daga sashen. Irin wannan ɗalibi, tun ranar da ya samu gurbi sunansa ya ɓace a unguwa. Dakta ake kiransa. Gwaggo tana kawo masa takardar asibitinta ya duba, mahaifiyarsa ana ce mata Maman Dakta a gidan biki. Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama, abin da ke gabansa ya fi ƙarfin ɗan shekara ashirin. Wasu sukan ci gaba da zama a ɗakin kwanan ɗalibai, suna karɓar kuɗin makaranta daga gida, suna fita da farar riga da safe, saboda sun rasa bakin da za su faɗa. Irin wannan yaro yakan daina cin abinci, ya daina barci, ya ƙaurace wa abokai. Mu kuma ba mu saba kiran wannan ciwo ba, sai mu ce sammu ne ko lalaci. Addu'a tana da muhimmanci, amma yana kuma buƙatar jin mahaifinsa ya ce masa, “Dawo gida, kai ɗana ne ko da likitanci ko babu.”

'Ya mace kuwa igiya biyu ke jan ta. Ana so ta yi karatu, amma a cikin 'yan fannonin da aka yarda sun dace da mace: jinya, ungozoma, likitanci, koyarwa. Buƙatar gaskiya ce, mata da yawa a Arewa sun gwammace su haƙura da ciwo da a ce namiji ya duba su, kuma rashin ma'aikatan lafiya mata yana cin rayuka a wajen haihuwa. Amma yarinyar da ke son injiniyanci ko aikin gona ko aikin jarida sai a tambaye ta wane miji ne zai bar ta. Ga kuma agogon aure. Likitanci shekara shida ne, da shekarar sanin makamar aiki, da ta bautar ƙasa. Yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Kowane wata da ya wuce, ana tuna mata cewa sa'o'inta suna da 'ya'ya biyu.

Duk wannan yana tsaye ne a kan ma'aunin da al'umma ke auna mutum da shi, kuma inda ake ganin ma'aunin a fili shi ne wajen binciken aure. A da, idan waliyyai suka aika a binciko saurayi, tambayoyin su ne ɗan gidan wa ne, yana salla, yana da sana'a, yaya mu'amalarsa da mutane. Yanzu a gidaje da yawa tambayar farko ita ce a ina yake aiki. Idan aka ce babban banki ko kamfanin mai na ƙasa ko kwastan, sauran tambayoyin sukan yi sauƙi. Idan aka ce walda yake yi, yana da yara shida a ƙarƙashinsa, sai a ce za a yi shawara. Kuma ma'aunin bai tsaya a kwali ba, ya zarce zuwa kuɗi tsagwaronsu. Ma'aikacin da albashinsa sananne ne ya gina gidan da albashin shekara hamsin ba zai gina ba, a ba shi sahun gaba da babbar kujera a taron saukar karatu. Abokin aikinsa da ya yi ritaya a gidan haya saboda ya riƙe amana, a ce bai yi wayo ba. Yara suna kallo, kuma wannan darasin ya fi na aji shiga.

Ba ina cewa da can komai daidai yake ba. Ƙasar Hausa ta san darajar sana'a, har sarauta take ba ta: Sarkin Maƙera, Sarkin Noma, Sarkin Pawa, Sarkin Aska. Mutumin kirki mai rufin asiri yana da matsayinsa ko ba shi da dukiya. Amma sana'a a lokacin gado ce, ɗan maƙeri maƙeri ne ko yana so ko ba ya so, kuma akwai sana'o'in da ake ƙin ba masu su aure. Boko ne ya fasa wannan katanga, ya ba ɗan talaka damar zama alƙali. Abin takaicin shi ne mun fito daga tsarin da haihuwa ke zaɓa wa yaro sana'a, mun shiga wanda makin jarabawar kwana ɗaya ke zaɓa masa, kuma a duka biyun ba a tambayarsa.

Shiga Kantin Kwari ko Dawanau ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Panteka a Kaduna, za ka tarar da masu digiri birjik. Wani yana fitar da riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje, wani yana gyaran waya yana koya wa yara goma. Ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce, “Ina ɗan taɓa kasuwanci ne kafin aiki ya samu.” Mutumin da yake ciyar da gida uku, yake biyan albashi, har yanzu yana lissafa kansa cikin marasa aikin yi, domin abin da aka raine shi a kai shi ne aiki yana nufin ofis da teburi. Wannan rauni ne da muka yi wa mutanen da ya kamata su riƙa tafiya da ƙafar dama.

Sai dai ina tsoron maganin da ya fara yaɗuwa a kafafen sada zumunta, wai digiri ɓata lokaci ne, kowa ya je ya koyi sana'a. A yankin da miliyoyin yara ba su taɓa shiga aji ba, inda babban asibitin ƙaramar hukuma yakan dogara da likita ɗaya ko biyu, wannan magana tana da haɗari, kuma ɗan talaka ne zai fara ɗaukarta. Ita ma ɗin a kan ma'auni guda take tsaye, wato karatu ba shi da amfani sai in ya zama kuɗi. Da wannan tunanin aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka shafe shekaru kafin a dawo da shi, aka yaye yaran da ba su san abin da ya faru a 1804 ko 1966 ba. Makanikin da ya yi karatu mai kyau yana karanta littafin injin, yana rubuta lissafin garejinsa, yana gane yarjejeniyar bashi kafin ya sa hannu, yana tantance jita-jita daga labari a wayarsa. Addininmu ma da ya wajabta neman ilimi bai ɗaura shi da albashi ba.

Akwai abubuwan da ke hannun makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a sakandare, amma a makarantun gwamnati da yawa suna ne kawai aka liƙa wa wani malami mai cikakken jadawalin darasi. Da za a ba wannan aiki haƙƙinsa, a zauna da yaro da mahaifinsa tun yana aji biyu na ƙaramar sakandare, a kawo masanin dabbobi da mai safiyo da mai fassara da mai haɗa sola su yi wa yara bayanin aikinsu da abin da suke samu, da uba zai zo ofis da sunayen sana'o'i fiye da uku a kansa. Jami'o'i ma suna iya sauƙaƙa sauya fanni bayan shekarar farko, yadda kuskuren ɗan shekara 14 ba zai zama ɗaurin rai da rai ba.

Babban abin kuwa yana hannun mai biyan albashi. A Oktoban 2020 gwamnatin Buhari ta yi wa malamai alƙawarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022, ritaya ta koma shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, amma albashin na musamman malaman jihohi da yawa ba su gan shi ba. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da shirin koyon fasaha da sana'a kyauta tare da alawus na wata-wata, matasa kuma sun yi tururuwar rajista. Ko shirin zai sauya abin da uba ke roƙo a ofishin shugaban makaranta, wannan ya danganta da ranar da wanda ya fito daga kwalejin fasaha da wanda ya fito daga jami'a za su nemi aiki ɗaya a ma'aikatar ayyuka ta jiha: a wane mataki za a ɗauki kowannensu, kuma wanne ne za a bari ya kai darakta.